An ce an tace ruwan, to me ya sa kogin ke lalacewa a gangaren matata?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Akwai matatar ruwan datti a bakin kogin da ya ratsa garinmu. Ruwan da ke fitowa daga bututunta garau yake, babu wari. Amma daga wurin zuwa gangare kogin ya koma kore, duwatsu sun yi santsi, wani lokaci kuma da sassafe a wayi gari da matattun kifaye. In dai an tace ruwan, me ke kawo haka? Ko matatar ce ba ta aiki?"

Malam, mai yiwuwa matatar tana aiki. Mai yiwuwa ma tana cika duk ƙa'idar da hukuma ta gindaya mata, kuma duk da haka ita ce ke kashe kifin. Na san maganar za ta yi maka bambaraƙwai, amma duk wanda ya taɓa ɗaukar kwalaben gwaji ya bi gaɓar kogi ya ga irin wannan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma alamu ukun da ka lissafa, wato koren ruwa da santsin duwatsu da mutuwar kifi da asuba, kusan sun gama faɗa mana inda matsalar take.

Bari mu fara da abin da matata ke yi, don kalmar "tacewa" ce ke yaudarar mutane. Ruwan da ya taho daga bandakuna da wuraren wanki da wanke-wanke yana fara ratsa ragar ƙarfe da ke tare tsumma da leda da sauran tarkace. Sai a rage masa gudu yashi ya kwanta. Daga nan ya shiga manyan tankuna ya zauna 'yan awoyi, laka ta sauka ƙasa, maiƙo ya taso sama a kwashe. Wannan matakin farko yakan cire rabin dattin da ke yawo a cikin ruwan ko fiye, amma abin da ke ruɓewa kusan kashi ɗaya cikin uku kawai yake ragewa. Babban aikin yana mataki na biyu, kuma ba inji ke yin sa ba, ƙwayoyin bakteriya ne. Ana kiwon su a tanki, ana hura musu iska dare da rana, su cinye dattin da ya narke, su dunƙule su zama laka mai launin ƙasa, a bar ta ta kwanta, a mayar da wani kaso nata tankin don ta ci gaba da aiki. Wasu masana biyu, Edward Ardern da William Lockett, su suka fito da wannan dabara a Manchesta ta Ingila a 1914, kuma har gobe ita ce ƙashin bayan yawancin manyan matatun duniya. Idan tana tafiya daidai tana cire kashi 85 cikin 100 na abin da ke ruɓewa, sau da yawa ma fiye da 90.

Ma'aunin da ake amfani da shi don gane yawan abin da ke ruɓewa a cikin ruwa ana kiran sa BOD. Ana cika kwalba da ruwan, a toshe, a ajiye a duhu kwana 5 a zafin digiri 20, sannan a duba yawan iskar oksijin da bakteriya suka shanye. Ɗanyen ruwan najasar gari yakan kai miligiram 200 zuwa 300 a kowace lita. Bayan mataki na biyu sai ya dawo wajen 20. Wannan raguwa ce babba, kuma ma'aikatan matata sun cancanci yabo a kanta.

Sai dai ka riƙe wannan adadi na 20, ka ɗora shi kusa da wani. Litar ruwa ɗaya mai zafin digiri 20, ko ta ƙoshi da iska iya ƙoshi, oksijin ɗin da za ta iya riƙewa bai wuce miligiram 9 ba. In zafi ya kai digiri 30 ya sauka zuwa wajen 7.5. Litar iskar da ni da kai muke shaƙa tana ɗauke da ninkin wannan kusan sau 30. Kifi dai a cikin talaucin iska yake rayuwa tun asali. Yawancin kifaye na son miligiram 5 zuwa sama, in ya faɗi ƙasa da 2 kuma sai ka gan su a saman ruwa suna buɗe baki, daga nan sai mutuwa. Don haka ruwan da ya fito daga matata garau yana bin kogin bashin oksijin da ya ninka abin da litar kogin ke da shi.

Wa zai biya bashin? Yawan ruwan kogin. A 1912 wani kwamitin masarautar Birtaniya kan zubar da najasa ya ba da shawarar ƙa'idar da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya: BOD kada ya wuce 20, dattin da ke yawo kada ya wuce miligiram 30 a lita. Abin da aka fi mantawa shi ne sharaɗin da suka ɗora a kai, cewa kogin zai kasance da ruwa mai tsabta ninki 8 na abin da ake zuba masa. Yi lissafin da kanka. Guga 1 mai BOD 20, a gauraya da guga 8 masu BOD 2, jimla 36, a raba gida 9, ka samu 4. Kogi zai iya ɗaukar 4. To a ƙaddara rani ya yi nisa, kogin ya janye har ya koma guga 1 a madadin 8. Yanzu 22 ne za a raba biyu, ka samu 11. Matata ɗaya, ruwa ɗaya, takardar gwaji ɗaya mai cewa an cika ƙa'ida, amma kogin ya tashi daga 4 zuwa 11, kuma a daidai lokacin da zafi ya rage masa oksijin, ya kuma ƙara wa bakteriya kuzarin ci. Mutanen gari ba sa rage shiga bandaki don kogi ya janye. A ganina wannan shi ne kuskure mafi yawa a harkar nan: a kwafo lamba daga wata ƙasa mai ruwan sama duk shekara, a liƙa ta a kan kogin da ke kusan ƙafewa wata huɗu ko biyar, a ce an bi doka.

Wani abu kuma da ke rikita masu bincike sababbin shiga: wurin da oksijin ya fi faɗuwa ba a bakin bututu yake ba. Bakteriya na buƙatar lokaci, kogi kuma tafiya yake yi. Oksijin na raguwa a hankali yayin da ruwan ke gangarawa, ya kai ƙarshen faɗuwarsa bayan tafiyar awoyi masu yawa ko kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya fara farfaɗowa idan iskar da ke shiga ta saman ruwa ta rinjayi wadda ake ci. Wasu masana biyu, Streeter da Phelps, su ne suka tsara lissafin wannan a 1925 daga binciken kogin Ohayo na Amurka, kuma har yau da shi ake fara koyar da ɗalibai. Shi ya sa ƙauyen da ke nesa da matata da kilomitoci zai iya shan wahalar da maƙwabtan matatar ba su sani ba. Idan akwai madatsa ko wani gurbi mai zurfi inda ruwan ke kwanciya, nan abin ya fi muni, domin ruwan da ke tsalle kan duwatsu yana shaƙar iska, kwantacce kuwa ba ya yi.

Yanzu ga abin da nake zargi a kogin naku, tun kafin in ga sakamakon gwaji.

Na farko amoniya, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin. Daga fitsari take zuwa galibi, kuma matatar da aka gina don rage BOD kawai tana iya sakin ta kusan yadda ta shigo. Ba a ganin ta da ido. Ɓarnarta iri biyu ce. Akwai wasu bakteriya a kogi da ke mayar da ita naitiret, kuma kowane miligiram 1 na naitirojin ɗin amoniya yana cin oksijin kusan miligiram 4.6 kafin aikin ya kammala. Ruwan da ke ɗauke da miligiram 20 a lita ke nan yana da ɓoyayyen bashi na sama da 90, wanda gwajin kwana 5 ba lallai ya nuna shi duka ba. Sannan ita kanta guba ce ga kifi, tana lalata sassan da yake numfashi da su. Ƙarfin gubar ya danganta da ma'aunin tsami na ruwan, wanda ake kira pH: 7 ne tsaka-tsaki, in ya haura haka ruwan ya karkata zuwa ɓangaren kanwa. A zafin digiri 25, in pH yana 7, kason amoniyar da ke cikin siffa mai guba bai kai 1 cikin 100 ba. A 8 ya haura 5. A 9 ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka ajiye wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Na biyu, wanda shi ne ya rina kogin kore: fosfaras da naitirojin. Taki ne, ba wani abu ba, irin wanda ke sa shuka ta yi kyau. Mataki na biyu yana cire kaɗan ne daga cikinsu. A ruwan daɗi fosfaras ne yawanci ke ƙaranci, shi ke taka wa gansakuka birki, don haka da zarar an ƙara shi sai ta barke. An daɗe ana gardama a kan wannan har wani masani, David Schindler, ya raba gardamar a 1973 a wani tafki na gwaji a Ontariyo ta Kanada, wanda ake kira Tafki na 226. Ya raba tafkin biyu da labulen roba, ya zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, ya ƙara fosfaras a ɓangare ɗaya kawai. Ɓangaren fosfaras ya koma kore shar, ɗayan ya zauna yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga sama ya yi tasiri a kan masu yin doka fiye da tarin takardu.

To ga yadda kore ke kashe kifi, kuma a nan amsar "da sassafe" take. Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna samar da oksijin, har ruwan ya ƙoshi ya wuce ƙima. In ka sa na'urar awo da la'asar za ka ce ba kogin da ya kai wannan lafiya. Rana na faɗuwa samarwa ta tsaya, amma numfashi bai tsaya ba: gansakukar na shaƙa, bakteriya na shaƙa, lakar ƙasa na shaƙa, kifi na shaƙa, duk daga tukunya ɗaya. Oksijin yana ta zurarewa dare duka, ya kai ƙarshen faɗuwarsa gab da fitowar rana. Idan aka yi kwana biyu ko uku na hadari ko hazo a jere, rana ba ta cika rumbun da kyau ba, sai daren ƙarshe ya kwashe kifin. Da la'asar kuma wata masifar ce: gansakuka ta zuƙe iskar kabon daga ruwan, pH ya haura 9, amoniyar da da safe ba ta da wani ƙarfi ta zama guba. Kifin na shan dafi da yamma, ya sha shaƙa da asuba.

Na taɓa yin aikin awo a wani kogi inda rahotannin wata-wata duk suka nuna oksijin lafiya lau, masunta kuwa suna ta kuka. Da muka duba littafin, duk samfurin tsakanin hantsi da azahar aka ɗebo shi, lokacin da mota ke samuwa. Ba wanda ya yi ƙarya. Mun kwana a gaɓar da fitila, muna awo duk bayan awa biyu, kafin gari ya waye mun ga abin da masuntan ke faɗa. Tun daga ranar, in aka miƙo mini sakamakon oksijin, kafin in dubi lambar sai na tambayi ƙarfe nawa aka auna.

Akwai ƙananan masu laifi da ya kamata a duba. Wasu matatun na zuba kulorin don kashe ƙwayoyin cuta kafin su saki ruwan, abu mai kyau ga masu wanka da masu ban ruwa, amma ragowar kulorin ko kaɗan ce tana kashe halittun ruwa. Ma'aunin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa na dogon lokaci miligiram 0.011 ne kacal a lita. Maganinsa a kashe kulorin ɗin da wani sinadari kafin a saki ruwan, ko a koma amfani da fitilun haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Sai kuma ranar ruwan sama mai ƙarfi. A garuruwan da ruwan sama da najasa ke bin bututu ɗaya, in ya cika sai a buɗe masa hanya ya zube kogi ɗanye, ba tare da ya ga matata ba. Landan ta yi fama da wannan har ta haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 25 a bin kogin Tems don tare irin wannan ambaliya. Idan mutuwar kifin naku na biyo bayan ruwan farko ne bayan dogon fari, nan za a fara nema. Haka nan ɗaukewar wutar lantarki: injin hura iska ya tsaya wasu awoyi, bakteriyar tanki su galabaita, ruwan kwanakin da ke biye ya fita rabi da rabi.

Akwai kuma abin da ba ya kashe kifi nan take, wanda ni ya fi damuna. Magungunan da mutane ke sha ba duka jiki ke narkarwa ba, saura na fita ta fitsari, kuma matatar gargajiya ba don su aka gina ta ba. A shekarun 1990 masu bincike a Ingila suka gano mazan kifaye a gangaren matatu suna samar da sinadarin ƙwai irin na mata, wasu ma da ƙwayayen mace a cikin marainansu. Don a tabbatar ko hakan na iya rusa zuriya gaba ɗaya, wata masaniya, Karen Kidd, da abokan aikinta suka zuba sinadarin da ke cikin ƙwayar tsarin iyali a wani tafkin gwaji na Kanada daga 2001 zuwa 2003, a ma'aunin nanogiram 5 zuwa 6 a lita, wato kashi 5 zuwa 6 cikin tiriliyan. Wani ƙaramin kifi mai gajeren rai ya kusa ƙarewa ƙaf a tafkin. Da aka daina zubawa, cikin 'yan shekaru ya farfaɗo. Suwizalan ta ɗauki matakin doka a 2016, ta wajabta wa manyan matatunta kusan 100 ƙara mataki na huɗu, da iskar ozon ko gawayi na musamman, don cire kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan sinadarai. Tarayyar Turai ta bi sahu a dokar da ta sabunta a 2024, har ta ce kamfanonin magunguna da na kayan kwalliya su biya aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin. Amma in kogi na fama da amoniya da ƙarancin oksijin, fara maganar ozon gina soro ne a kan katangar da ba ta da tushe. A gyara na farko tukuna.

Kada wannan duka ya sa ka ɗauka matata abar ƙi ce. Ka tuna Tems. A bazarar 1858 warinsa ya kai har 'yan majalisar Birtaniya suka kasa zama a ɗakunan da ke kallon kogin. Injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan da suka kwashe najasar, amma gangare kawai suka kai ta suka zubar, an gudu ba a tsira ba. Zuwa 1957 aka ayyana ɓangaren kogin da ya ratsa Landan a matsayin matacce. Abin da ya dawo da shi shi ne inganta matatun a shekarun 1960 da 1970, yau ana ƙirga nau'in kifi sama da 100 a cikinsa. A busassun ƙasashe ma lamarin ya fi haka ban mamaki. Kogin Santa Kurus a jihar Arizona ta Amurka, wasu sassansa ba su da ruwa mafi yawan shekara in ba na matata ba. Bayan an inganta matatun garin Nogales a 2009 da na garin Tuson a 2013, musamman wajen cire amoniya, wani ɗan kifi na yankin da ke cikin haɗarin ƙarewa ya sake bayyana, a 2015 kusa da Nogales, a 2017 kuma a Tuson. A irin wannan kogi in ka rufe bututun ka kashe shi.

To ta yaya za ku gane wanne ne naku? Hanya mafi araha ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ka je sama da bututun da 'yan ɗaruruwan mita, inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa, ka ɗaga duwatsu goma ka dubi ƙarƙashinsu. A lafiyayyen kogi za ka ga 'ya'yan ƙwari iri-iri: wasu shafaffu masu siraran wutsiyoyi uku suna gudu su ɓuya, wasu sun gina wa kansu ɗan kwaroro da yashi da tsinke sun liƙe a jikin dutse, ga 'ya'yan mazari, ga ƙananan katantanwa. Sai ka gangara ƙasa da bututun ka yi haka a wuri mai kama da na farko, ka ƙara a kilomita 1, da 3, da 5. Idan ka tarar da wani abu toka-toka mai yauƙi kamar jiƙaƙƙiyar auduga yana kaɗawa a jikin duwatsu, bakteriya ne da ke bunƙasa inda datti mai ruɓewa ya yi yawa, alamar mataki na biyu na da rauni ko ɗanyen ruwa na zurarowa. Idan ka tona laka ka ga jajayen tsutsotsi birjik, babu masu wutsiya uku ko ɗaya, oksijin ne ke faɗuwa. Jan nan sinadari ne irin na jininmu da ke ba su damar rayuwa inda wasu suka shaƙe. Idan kuma zaren gansakuka kore ne dogo-dogo ya lulluɓe komai, taki ne ya yi yawa. Masana biyu na Jamus, Kolkwitz da Marsson, sun tsara wannan hanyar karanta kogi ta halittunsa tun 1908 da 1909. Fifikonta a kan kwalba shi ne ƙwarin nan suna wurin dare da rana, sun shaida abin da ya wuce ranar da ba mai awo. Kada kuma yawan tarwaɗa ya ruɗe ka. Tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan ci gaba da rayuwa bayan sauran sun tafi.

In za ku tunkari masu kula da matatar ko hukumar muhalli, kada ku tsaya a tambayar ko ruwan ya cika ƙa'ida, za a ce muku ya cika, kuma wataƙila gaskiya ne. Ku tambayi nawa ne amoniya da fosfaras a ruwan da ke fita, ko ma ana auna su. Ku tambayi ninki nawa ruwan kogin yake yi wa na matatar a watan da ya fi janyewa. Ku tambayi sau nawa aka karkatar da ɗanyen ruwa ko injin iska ya tsaya a shekarar da ta wuce. Gyaran fosfaras yana cikin masu sauƙi, gishirin ƙarfe ko alif ake zubawa ya kama shi ya kwanta cikin laka. Na amoniya yana son ƙarin iska da barin bakteriyar su daɗe a tanki, wato ƙarin wuta da wataƙila ƙarin tanki. Inda akwai fili, bi da ruwan ta tafkuna ko fadamar da aka shuka wa ciyayin ruwa kafin ya isa kogi yana taimakawa, haka ma karkatar da shi zuwa ban ruwa a watannin da kogin ba shi da ƙarfin ɗauka, muddin an kula da ƙwayoyin cuta.

Sannan ku nemi a auna oksijin da pH a wuri uku ko huɗu a gangare, sau biyu a rana ɗaya: da ƙarfe 3 na yamma, da kuma ƙarfe 5 na asuba, a cikin makon da ya fi zafi kuma kogin ya fi janyewa. Idan lambar yamma ta yi sama sosai ta asuba ta faɗi ƙasa da 3, ga mai kashe muku kifi nan.